Ƙugiyar da aka ƙera amma bata taɓa isa bakin ƙofa ba: lamarin yarinyar da kolestarol ɗinta ya haura 1,000

1977 zuwa 1983: ƙulluttukan da aka rasa gane kansu

An haifi yarinyar a jihar Texas ta Amurka a 1977. Tun tana jaririya 'yar watanni wasu ƙulluttuka masu ɗan rawaya suka fara fito mata a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gaɓoɓin yatsu, basa ciwo basa ƙaiƙayi, irin abin da uwa zata duba ta ce ƙila ƙurji ne zai baje da kansa. Bai baje ba. Sai da ta kai shekara shida, a 1983, aka auna jininta aka ga abin da ke ƙasa: kolestarol sama da miligiram 1,000 a kowace desilita ta jini. Yaro mai lafiya ɗan shekarunta ana so a same shi ƙasa da 170. Su ƙulluttukan nan kolestarol ne ya rasa wajen zuwa ya taru a ƙarƙashin fata, kuma abin da ya taru a fata ya taru a jijiyoyin zuciya ma, nan ne dai ido baya gani.

Aka tura ta Dallas, wajen Dr David Bilheimer, a jami'ar da Michael Brown da Joseph Goldstein suka shafe shekara goma suna bin diddigin wannan cuta ta gado mai sa kolestarol taruwa a jini. A lissafin wancan lokacin mutum ɗaya cikin 500 ke gadon ta daga ɓangare ɗaya, uwa ko uba, shi kolestarol ɗinsa kan ninka na mutane sau biyu. Wanda ya gada ta ɓangare biyu kuwa, ɗaya cikin miliyan ake ƙiyastawa. Ita ta biyu ce.

Abin da aka riga aka sani kafin ta iso Dallas

Dole a ɗan tsaya nan, don in ba a gane yadda kaya ke yawo a cikin sel ba, sauran labarin ba zai shiga ba. Sel shi ne ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da shi, kuma cikinsa ba fili ɗaya bane, ɗakuna ne a cikin ɗaki kowanne da bangonsa na maiƙo. Furotin ba ya ratsa bangon nan haka kawai. Yadda ake yi, bangon ɗaki ɗaya zai ɗan kumburo ya ƙunshe kayan, ya tsuke wuya ya tsinke, sai kace yadda mai shago ke ƙulla suga a leda, 'yar jakar ta tafi ta manne da bangon ɗaki na gaba ta juye kayanta. George Palade ne ya bi sawun wannan hanya a sel ɗin pankiriyas, daga masaƙar furotin da ake kira ER zuwa Golgi, ɗakin da ake ƙarasa gyara kayan, zuwa waje, ya samu Nobel a 1974.

Shi kolestarol mai ne, baya narkewa a jini, saboda haka a cikin wasu dunƙuloli ake ɗauko shi, LDL, kowane dunƙule ɗauke da ƙwayoyin kolestarol kusan 1,500 da wani babban furotin ɗaya a naɗe a jikinsa. Brown da Goldstein sun gano a 1973 zuwa 1974, da sel ɗin fatar mutane da suke renonsu a faranti, cewa akwai wani furotin a fuskar sel wanda aikinsa kenan ya cafke LDL. Risefta ake ce masa, ni dai ƙugiya zan riƙa kiransa don abin da yake yi kenan.

Tafiyar ƙugiyar nan kala biyu ce. Ta farko sau ɗaya take yin ta a rayuwa: a saƙa ta a ER, sarƙa ce mai amino asid, wato tubalan gina furotin, 839, a naɗe ta daidai, a ƙulle ta a jaka zuwa Golgi, can a ƙarasa liƙa mata sukari, daga nan wata jakar ta kai ta fuskar sel. A awo ana iya ganin wannan tafiyar ƙuru-ƙuru, domin sabuwar ƙugiya a ER nauyinta na nuna 120,000, cikin kamar minti 30 in ta ratsa Golgi sai ya koma 160,000, kusan minti 45 da ƙera ta kuma ta bayyana a waje. To in ka ga ƙugiya ta tsaya a 120,000 ta ƙi motsi, ka san bata bar gida ba. A riƙe wannan.

Tafiya ta biyu ita ce ta kullum. A fuskar sel akwai wasu 'yan ramuka waɗanda ta ciki aka saƙa musu kwando da wani furotin, kilatirin, Barbara Pearse ce ta tace shi ta raɗa masa suna a Cambridge a tsakiyar shekarun 1970. Abin dariya, a ƙwan sauro aka fara kwatanta ramukan nan da kyau, Roth da Porter a 1964, suna kallon yadda ƙwan ke haɗiye gwaiduwa. Ramukan basu wuce kashi 2 cikin ɗari na fuskar sel ba amma mafi yawan ƙugiyoyin a nan suke cunkushe, Richard Anderson ne ya nuna haka a Dallas da madubin ilektiron a 1976. Ƙugiya ta kama LDL, ramin ya lotsa ciki ya tsinke ya zama jaka, kwandon ya warware, jakar ta juye a wani zango da ake kira endosom inda ruwan ke da ɗan tsami, tsamin ne ke sa ƙugiya ta saki kayanta. LDL ya wuce laisosom, wato injin niƙan sel, a farfasa shi a ɗebi kolestarol. Ita kuma ƙugiya ta hau wata jakar ta koma bakin ƙofa. Zuwa da dawowa minti 10, tana rayuwa kamar awa 20, kaga sawu sama da ɗari kenan ƙugiya ɗaya ke yi kafin ta ƙare. Kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na LDL ɗin da ake kwashewa daga jini, hanta ce ke kwashe shi.

1983: abin da fatarta ta faɗa

Aka yanki ɗan ƙanƙanin fatarta aka reni sel ɗin a faranti. Sakamakon ya nuna ƙwayoyin gadon ƙugiyar guda biyu duk da matsala, amma matsalar ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta gada daga mahaifiya bata ƙera komai, shiru kake ji. Wadda ta gada daga mahaifi tana ƙerawa, sai dai abin da ta ƙera ba a kai shi fuskar sel, yana nan maƙale a ciki a matsayin ɗanye, kuma baya iya kama LDL.

Wannan ta biyun ita ce ta dace da abin da ɗakin binciken Dallas ya kwatanta a 1982 da 1983, ƙugiyar da ke tsayawa a 120,000. Dalilin da yasa irin haka ke faruwa, ER ba masaƙa bace kawai, akwai masu duba kaya a bakin fita. Bakin ƙugiyar, wajen da ke cafkar LDL, gaɓa bakwai ne a jere, kowacce amino asid kusan 40 da ƙulli uku na salfa da ke riƙe ta, to harafi ɗaya ya kauce a rubutun gado sai naɗin ya ƙi zama, masu duba kaya su riƙe ta, su yi ta ƙoƙarin gyarawa, in ta ƙi a farfasa ta a zubar. Daga baya da aka tattara ire-iren lahanin da ke kawo cutar, kusan rabinsu irin wannan ne, kaya an yi amma ba a loda shi a mota ba. Ita motar ma a lokacin ba wanda ya san kamanninta, sai 1994 ɗakin binciken Randy Schekman ya fito da rigar jakar da ke ɗauko kaya daga ER, COPII, kuma a yis ɗin burodi suka gano ta.

Akwai wani yaro da Brown da Goldstein suka yi nazarin sel ɗinsa tun 1976 wanda nasa ya sha bamban, shi ƙugiyarsa ta iso waje lafiya lau har tana kama LDL, amma bata shiga ramin kwando, tana nan warwatse a fuska riƙe da kaya ba mai shigar da ita. Sai 1986 aka gano amino asid ɗaya tak ne ya canza a wutsiyarta ta ciki, na 807, wato adireshin da kwandon ke karantawa ya goge. Cuta ɗaya, jini iri ɗaya, amma shi a tafiya ta biyu motar ta mutu, ita a ta farko.

Wani zai ce ai auren zumunci ne ke haɗa irin wannan. Sau da yawa haka ne, in lahani iri ɗaya ya zo ta uwa da ta uba. Nan kuwa lahani biyu ne mabambanta suka gamu a jikin yarinya ɗaya.

An kuma yi awo a jikinta kai tsaye: aka ɗauki LDL aka yi masa lamba da aidin mai fitar da radiyeshon wanda na'ura ke iya ganowa, aka ɗura mata ta jijiya, aka riƙa ɗiban jini kullum ana ganin yadda yake ɓacewa. Da ƙyar yake raguwa.

Ƙarshen 1983: abin da aka gwada

Hanyoyin da ake da su wa mai kolestarol a lokacin sanannu ne. Rage maiƙo a abinci. Garin magani irin kolestiramin da ke kama ruwan ɗaci a hanji ya fita da shi. Sai wani sabon magani da ake gwaji, mevinolin, wanda daga baya aka sa masa lovastatin, cikin dangin statin da Akira Endo ya fara samowa daga naman gwari a Japan. Dukkansu ukun dabara ɗaya suke yi, su sa hanta ta ji yunwar kolestarol, ita kuma in ta ji yunwa sai ta ba da umarni a ƙaro ƙugiyoyi don a kamo daga jini. Ga wanda ke da ƙwayar gado ɗaya mai lafiya wannan na aiki sosai, mai lafiyar ce zata ninka ƙoƙari. Ga mai irin nata kuwa umarnin zai fita, ɓangaren uwa ba amsa, ɓangaren uba ya ƙara ƙera abin da zai ƙara maƙalewa a ER, bakin ƙofa dai wayam. Shi yasa masu gadon ɓangare biyu da basu da ƙugiya ko ɗaya magungunan nan kusan basa taɓa su.

Kafin a gama shawara zuciya ta riga kowa. A watannin ƙarshen 1983 ta samu bugun zuciya, ba sau ɗaya ba. Aka yi mata aikin baifas, wato a ɗauko jijiya a kewaye wajen da ya toshe. Ba a daɗe ba aka sake yin na biyu, aka kuma canza mata bawul ɗin zuciya na hagu, maitiral. Yarinya 'yar shekara shida fa ake magana, an buɗe ƙirjinta sau biyu cikin 'yan watanni. Zuciyar bata farfaɗo ba, jinin da ke bi ta sababbin jijiyoyin kuma shi ne dai jinin da ya toshe tsofaffin, har yanzu sama da 1,000.

Akwai wasu hanyoyi biyu da aka san su wa irin waɗannan yara, wankin jini a cire ruwansa mai ɗauke da LDL duk sati ɗaya ko biyu, wanda aka fara a Landan a 1975, da aikin karkatar da jijiyar hanta da Thomas Starzl ya fara a 1973. Dukansu suna rage lamba, ba wanda ke sa ƙugiya a inda babu, ba kuma wanda ke gyara zuciyar da ta riga ta lalace.

14 ga Fabrairu 1984

Lissafin da aka yi a Dallas mai sauƙin faɗa ne: tunda hanta ce ke kwashe mafi yawan LDL, a ba ta hantar da sel ɗinta ke iya kai ƙugiya bakin ƙofa. Hantarta fa lafiyarta ƙalau ta kowace fuska, tana tace jini tana yin ruwan ɗaci, furotin ɗaya ne kawai bata iya turawa waje, kuma a kan wannan ɗayan za a cire ta. Matsalar, zuciyarta ba zata iya ɗaukar aikin dashen hanta ba. In kuma zuciya kaɗai aka dasa, jinin zai toshe sabuwar kamar yadda ya yi wa ta farko. Sai aka ce a yi duka biyun a zama ɗaya, abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan adam ba.

A asibitin yara na Pittsburgh aka yi, Starzl ne ya jagoranci ɓangaren hanta, Henry Bahnson ɓangaren zuciya. Gaɓoɓin biyu daga yarinya ɗaya suka fito, wata ƙarama da ta rasu a hatsarin mota. Mai karɓa tana da shekara 6 da wata 9. Aka sa ta a kan saikulosporin, maganin hana jiki yaƙar sabuwar gaɓa wanda hukumar magunguna ta Amurka bata fi 'yan watanni da amincewa da shi ba, haɗe da sitiroid.

1984 zuwa 1985: abin da awo ya nuna

Cikin sati 10 na farko jimillar kolestarol ta sauko zuwa 270. Shi LDL kaɗai ya faɗo daga 988 zuwa 184, raguwar kashi 81 cikin ɗari. Aka maimaita awon LDL mai lamba, saurin ɓacewarsa daga jini ya ninka sau biyu da rabi. Sel ɗin fatarta da na tsokarta da na ko'ina suna nan yadda suke, har yanzu ƙugiyarsu a ER take tsayawa, gaɓa ɗaya ce kawai ke yi wa dukkan jiki aikin. An buga wannan sakamako a ƙarshen 1984, Bilheimer da Goldstein da Scott Grundy da Starzl da Brown.

Lambar dai ta ci gaba da zama tsakanin 200 da 300, ta yi wa yarinya yawa. Bayan shekara guda da 'yan kai, a 1985, aka sa mata mevinolin, maganin da babu abin da ake tsammanin zai yi mata a da. Wannan karon ya kama, ta sauko ƙasa da 200, cikin iyakar masu lafiya. Maganin bai canza ba, abin da ya canza yanzu in hanta ta ji yunwa ta yi kira akwai ƙugiyar da zata iso. A Disambar shekarar Brown da Goldstein suka karɓi Nobel, a laccarsu kuwa har da zanen yadda kolestarol ɗinta ya sauko.

Ta koma Texas, ta koma makaranta. Shekaru kusan biyar lamarin na tafiya.

1990

Sai hantar da aka dasa ta fara ba da matsala, ciwon hanta ya kama ta ya lalata ta. A Fabrairun 1990 aka sake dasa mata wata a Pittsburgh. A Nuwamba ta fara rashin lafiya kamar mura, aka ɗauko ta daga Texas zuwa Pittsburgh, ranar 11 ga Nuwamba 1990 ta rasu tana da shekara 13. Binciken gawa ya nuna jikinta ne ya juya wa zuciyar da aka dasa baya. Shekara shida da wata tara ta yi bayan aikin farko, kusan daidai da shekarun da ta yi kafin sa.

Yadda nake ganin lamarin

Baifas biyu da bawul ba kuskure bane, yarinya na mutuwa a gabanka dole ka yi abin da hannunka ya iya, amma gyaran kwata ne alhali famfon na ta zuba. Abinci da magani kuma, ba wai basu da ƙarfi bane, suna buga wa wanda baya gida waya ne. Abu ɗaya da ya taɓa asalin matsalar shi ne hantar, kuma ba don ta fi tata lafiya ba, don dai a cikin sel ɗinta tafiyar minti 45 ɗin nan daga ER zuwa Golgi zuwa bakin ƙofa tana ƙarasawa. Abin da ya fi gamsar da ni ma ba faɗuwar 988 zuwa 184 bane, wani zai iya cewa babban aiki irin wannan da rashin cin abinci da magunguna duk suna taɓa lamba. Mevinolin ɗin 1985 ne. Jiki ɗaya, magani ɗaya, da babu ƙugiya ba shi da makama, da aka samu ƙugiya ya yi aiki, wannan gwaji ne da ba za ka iya shirya shi da gangan a kan mutum ba.

Inda aka yi asara shi ne lokaci. Shekara shida ƙulluttukan nan suna jikinta kowa na gani, awon jini ɗaya ne tsakaninsu da amsa, kuma a shekarun nan shida ne zuciyar ta tafi. Da hanta kaɗai take buƙata, da gaɓa ɗaya jikinta zai yi ta rigima da ita maimakon biyu, ita zuciyar da dole ta sa aka ƙara kuwa ita ce ta kashe ta, ba kolestarol ba. Shi yasa daga baya masu yin wannan aiki suka karkata ga dasa hanta da wuri tun jijiyoyi basu toshe ba.

Har yau kuma ba a yi maganin da zai shiga ER ya lallaɓa ƙugiyar LDL da ta maƙale ya fito da ita ba, duk da an yi irinsa wa wata cutar gado mai kama da wannan, sistik faibrosis, inda furotin ke tsayawa a wuri ɗaya kuma tun 2015 akwai ƙwayoyin da ke taimaka masa ya fita. Su masu irin cutarta abin da aka samar musu kewaye ne: injin da ke tace LDL kaɗai daga jini, lomitapide a 2012 da ke hana hanta fitar da dunƙulolin tun farko, evinacumab a 2021 da ke rage su ta wata hanyar da bata buƙatar ƙugiya. Su kuwa alluran PCSK9 na 2015, da ke hana a tura ƙugiya injin niƙa don ta ƙara yawan sawu, sai akwai ƙugiyar a bakin ƙofa suke amfani, to yarinya mai sel irin nata ko yau aka kawo ta, allurar nan zata iske abin da mevinolin zai iske a 1983.